Baƙon malamin Ingilishi a ƙaramin gari

A shekarar 1962, shekara biyu bayan Nijar ta samu ƴancin kai, wasu mutum bakwai suka sauka a Yamai daga ƙasar Amurka. Aikin da ya kawo su shi ne koyar da Ingilishi a makarantun sakandare. Su ne na farko cikin ƴan wata ƙungiya da ake kira Peace Corps da Ingilishi, ko Corps de la Paix da Faransanci, wato rundunar zaman lafiya. Bayansu wasu suka yi ta zuwa, shekara bayan shekara, kusan shekara 50. Da yawa daga cikinsu ba a Yamai suka zauna ba. An tura su garuruwa irin su Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Madawa, Tasawa da Magarya, inda wani lokaci malamin shi kaɗai ne ɗan ƙasarsu a garin duka.

Abin da ya kawo su

Shugaban Amurka John Kennedy ne ya kafa ƙungiyar. Ya fara kawo zancen a watan Oktoba na 1960, gaban ɗaliban jami'ar Mishigan, lokacin yana neman a zaɓe shi. Ya tambaye su ko za su yarda su je aiki a ƙasashe masu nisa. Da ya hau mulki, ya sa hannu a takardar kafa ƙungiyar ran 1 ga Maris 1961, ya ba mijin ƙanwarsa, Sargent Shriver, shugabancinta. A watan Agusta na wannan shekara malamai kamar 50 suka sauka a Akara, babban birnin Gana. Da saukarsu daga jirgi suka yi waƙa da harshen Tuwi, wanda suka ɗan koya kafin su taso.

An ce manufar ƙungiyar uku ce: a taimaka wa ƙasashen da ba su da isassun ma'aikata, mutanen waɗannan ƙasashe su san Amurkawa, su ma Amurkawa su san mutanen duniya. Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa ba. A zamanin nan Amurka da Tarayyar Sobiyet suna gasa, ga ƙasashen Afirka 17 sun samu ƴancin kai a 1960 kaɗai, kowace daga cikin manyan biyu tana neman abokai a cikinsu. Malami a aji yana jawo zukata fiye da jakada a ofis.

Ita kuma Nijar tana da tata bukata. Lokacin samun ƴanci, yaran da ke zuwa lekol ba su kai 5 cikin 100 ba. Makarantun sakandare ƴan kaɗan ne, yawancin malamansu kuma baƙi ne, daga Faransa ko daga ƙasashen bakin teku. Ƙasar ba ta da jami'a. Sai a 1971 aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai, wadda ta zama jami'a a 1973. Ga shi tsarin karatu ya ce yaro zai fara Ingilishi tun ajin farko na kwaleji, ya yi shekara huɗu yana yi, sannan a tambaye shi a jarrabawar BEPC. To, wa zai koyar? Gwamnatin Diori Hamani ta karɓi tayin Amurka, ta ba baƙin azuzuwa.

Wani zai ce: me ɗan Maraɗi zai yi da Ingilishi? Iyakar Nijar da Nijeriya ta kai kilomita 1500, amma wanda ya je kasuwar Kano ko ta Katsina, Hausa ta ishe shi. Haka ne. Sai dai ciniki daban, takarda daban. Takardar kwastan, da ta banki, da littafin da ke cikin kwalin sabon inji, da karatun jami'a a Zariya ko Akara, duk Ingilishi suke nema.

Daga Yamai zuwa masauki

Wanda ya shiga ƙungiyar yana ɗaukar alkawarin aikin shekara biyu. Yawancinsu samari ne da ƴan mata da ba su daɗe da gama jami'a ba. Ba a biyansu albashi irin na ma'aikatan Turawa. Ana ba su ɗan abin da zai ishe su ci da sha, su yi zama irin na abokan aikinsu ƴan ƙasa. A shekarun farko ana kuma ajiye wa kowa dalar Amurka 75 a wata, a ba shi in ya koma gida.

Kafin a ba mutum aji, sai ya yi wata biyu ko uku ana horar da shi. Da farko a jami'o'in Amurka ake yin horon. Daga baya aka gane ba a koyon zaman Nijar a wata ƙasa, aka maido da shi gida, har garin Hamdallay, arewa maso gabas da Yamai, ya zama wurin horonsu. Can suke kwana a gidajen mutane, su koyi Faransanci da Hausa ko Zabarmanci, su koyi cin tuwo da hannu. Can kuma ake raɗa wa kowa suna irin na ƙasar, don sunayensu na asali suna ba mutane wuya. Da yawa da wannan suna aka san su har suka tafi.

In horo ya ƙare, sai hanya. Daga Yamai zuwa Damagaram kilomita 900 ne, kuma a shekarun farko ba ko'ina ke da kwalta ba. Malami ya isa garinsa da ƙura har gira. A kai shi ya gai da kumandan, ya gai da sarki, ya gai da shugaban makaranta, sannan a nuna masa gida. Sau da yawa ɗaki biyu ne da tsakar gida da shadda, babu lantarki, babu famfo. Ɗan garuwa zai kawo ruwa ya cika randa. Da dare sai fitilar ƙwai. Mutumin da ya tashi inda ake murɗa famfo ruwan zafi ya zubo, yanzu sai ya tafasa ruwan sha, ya tace, ya jira ya huce a tulu.

Jikinsa ma sai ya saba. Ana ba shi ƙwayar maganin zazzaɓin sauro ya riƙa sha a kai a kai. Ciwon ciki kuwa kusan babu wanda ya tsira daga gare shi a watannin farko. Hunturu yana zo masa da sauƙi, har ya yi mamakin ganin mutane sun ƙudundune da bargo suna jin wuta. Amma in bazara ta yi, a watan Afrilu da Mayu, zafi ya wuce digiri 40, sai ya fitar da gadonsa tsakar gida kamar kowa, ya kafa gidan sauro.

Malami ya koma ɗalibi

Babbar wahalar ba zafi ba ce. Mutum ne da ya yi karatu mai yawa a ƙasarsu, ga shi ya wayi gari bai iya magana kamar yaro ɗan shekara uku ba.

Hausa tana da sautukan da babu su a Ingilishi: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ da ts. A kunnen baƙo, kafa da ƙafa ɗaya ne, baki da baƙi ɗaya ne. Ga kuma karin murya da jan wasali. Garin da ake zama cikinsa da garin da ake tuƙa tuwo da shi, a rubuce ba su da bambanci, a baki ne suke rabuwa. Haka kukan yaro da kukar miya. Sannan Ingilishi kalma ɗaya yake da ita ta kai da ke da ku. Don haka sabon zuwa yakan dubi dattijo mai furfura ya ce masa "kin kwana lafiya?", mutanen da ke zaune su fashe da dariya.

A nan ne hanya take rabuwa biyu. Wani in aka yi masa dariya sai ya ji kunya, ya shige gida ya rufe ƙofa, ya kama karatun littattafan da ya zo da su, yana ƙidayar kwanaki. Wani kuwa sai ya taya su dariyar, ya ce a maimaita masa. Na biyun shi ne wanda gari yake buɗe wa ƙofa. Yaran maƙwabta su zama malamansa, don yaro ba ya gajiya da maimaita kalma. Mai shayi ya koya masa ƙidayar kuɗi, wadda ita ma aiki ce: sai ya gane dala tamma biyar ce, dala ashirin ɗari ce, jika kuma dubu. Mahauci ya koya masa tayi da albarka.

Gaisuwa ita ce jarrabawar farko. A ƙasarsu mutum yakan ɗaga hannu ya wuce, ba wanda zai ga laifinsa. A nan kuwa sai an tambayi kwana, da gajiya, da gida, da aiki, da zafi ko sanyi, sannan a shiga zance. Baƙon da ya shiga ofis ko shago ya faɗi bukatarsa kai tsaye, za a biya masa, amma za a ce ba shi da ladabi, shi kuma ba zai san an faɗa ba. Haka miƙa abu da hannun hagu, da shiga gida babu sallama. A hankali yake gane waɗannan. Kalmar da kusan dukansu suka tafi da ita gida ita ce "sai haƙuri", saboda yawan jin ta da suka yi: a tasha, a gidan waya, a bakin gadon ciwo.

Cikin aji

Makaranta tana buɗewa a watan Oktoba, a rufe wajen ƙarshen Yuni. Yaran da malamin zai tarar sun riga sun sha gwagwarmaya. Sun yi shekara shida a firamare da Faransanci, sun ci jarrabawar da ta tsayar da yawancin abokansu. Da yawa ƴan ƙauye ne, an damƙa su ga wani mai masauki a gari, suna ɗebo masa ruwa suna share gida. Wasu da ɗumame suke zuwa aji, wasu da yunwa. Ingilishi shi ne harshensu na uku, ko na huɗu ga Bafillace ko Buzu ko Babarbare da ya iya Hausa, ban da Larabcin makarantar allo.

An koya wa malamin ya yi Ingilishi zalla a aji, kada ya fassara. Sai ya ɗaga alli ya faɗi sunansa, yara su maimaita. Ya buɗe ƙofa ya faɗi abin da ya yi, ya zauna, ya tashi, ya zana raƙumi a allo ko da ya fi kama da akuya. Littattafai ba su isa, wani lokaci uku ga guda. Abin da yaro zai tafi da shi gida shi ne abin da ya kwafa daga allo. Littattafan farko ma daga waje suka zo, suna zancen abubuwan da yaron bai taɓa gani ba. Daga baya aka tsara wa kwalejojin Nijar nasu littafi, English for the Sahel, mai zancen gona da kasuwa da rijiya.

Kamar yadda Hausa ta ba malami wuya, haka Ingilishi yake ba yara. Hausa ba ta raba p da f, saboda haka pull da full, wato ja da cikakke, sukan fito iri ɗaya. Sautin th kuwa sai an sa harshe tsakanin haƙora, kuma ranar da malami ya nuna yadda ake yi, aji ba ya komawa daidai da wuri. Faransanci yana taimako, yana kuma ruɗarwa. Harafin da yaro ya sani da sunan "i", Ingilishi "ai" yake kiransa, ya ɗauki sunan "i" ya ba wani harafin. Kalmar pain burodi ce a darasin ƙarfe takwas, a darasin ƙarfe tara kuma ta zama ciwo.

Malami mai lura yakan gano wata taska da yaran ba su san suna da ita ba. Hausa ta daɗe da aron kalmomi daga Ingilishi ta hanyar Nijeriya. Bokiti daga bucket ya fito, tasha daga station, asibiti daga hospital, haka direba, da tebur, da benci, da karas, da tocila. In ya jera su a allo, yaro ya ga ashe kakarsa da ba ta taɓa shiga lekol ba tana faɗin Ingilishi kullum, sai tsoron harshen ya ragu. Wannan dabara kuwa sai wanda ya koyi Hausa yake iya ta. Shi ne kuma yake sanin dalilin da ya sa Bahaushe ba ya shan wuyar he da she, tun da yana da shi da ita, alhali Bazabarme da Babarbare, da harsunansu ba su raba namiji da mace a nan, sukan haɗa su.

Riƙon aji wani darasi ne dabam. A Amurka malami yakan yi wasa da ɗalibai, ya zauna bisa tebur, ya bar su su yi masa gardama. A nan yara sun saba da mushe mai ɗaure fuska, wanda ake miƙewa tsaye in ya shigo. Baƙo ya zo da fara'a, yara su ɗauka ba shi da ƙarfi, aji ya koma kasuwa. In ya tashi yin faɗa, Faransancinsa ya tsinke a tsakiya, a ƙara dariya. Shekarar farko takan tafi wajen gyaran wannan kuskure. Lissafin maki ma sai ya koya. A ƙasarsu da haruffa ake yi, kuma yaro mai ƙoƙari yakan samu kusan duka. A nan bisa 20 ake yi, 10 ita ce matsakaiciya, 15 kuma abin murna ne. Malamin da ya yi ta raba 18 da 19 don tausayi, ya cuci yaransa, domin masu gyaran BEPC ba za su yi haka ba. Wannan takarda kuwa ita ce ke raba wanda zai wuce lise ko makarantar horon malamai da wanda zai koma gida.

Zaman gari

A ƙaramin gari baƙo ba shi da asiri. An san abin da ya saya a kasuwa, an san wanda ya shiga gidansa da lokacin da ya fita. In ya bi hanya yara su biyo shi suna kiran "anasara". Amurkawa baƙar fata da suka zo cikin ƙungiyar sun gamu da wani abu dabam: a yi musu Hausa, su kasa amsawa, a yi ta mamaki.

Abu guda da ya daɗe yana ruɗa ɓangarorin biyu shi ne zaman kaɗaici. Ba'amurke in ya gaji yana so ya zauna shi kaɗai, a gare shi hutu ke nan. Maƙwabta kuwa in sun ga mutum shi kaɗai, sai su ce ko ba shi da lafiya, ko an ɓata masa rai, su zo su taya shi zama. Shi yana ganin an hana shi sakat, su suna ganin sun sauke hakkin baƙo. Amma ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, waɗannan maƙwabtan ne za su aiko da kunu, su kira masa malamin asibiti. Da salla kuma kwanonin nama su cika masa ɗaki.

Mace tana da nata nauyi. Ana tambayarta ina mijinta, wa ya bar ta ta zo ita kaɗai, yaushe za ta yi aure. Sai ta koyi ɗaura zane da kallabi, ta lura da waɗanda suke zuwa gidanta. Amma tana da ƙofar da namiji ba shi da ita: tana shiga cikin gida wurin mata, ta zauna bakin turmi da murhu, ta je suna da biki. Ƴan matan ajinta, waɗanda ba su da yawa a lokacin, suna ganin mace tsaye gaban allo, maza suna saurarenta.

Gida kuwa ya yi nisa ƙwarai. Babu wayar hannu a zamanin. Wasiƙa takan yi makonni a hanya, labarin haihuwa ko rasuwa ya iso bayan an share makoki. Da dare malami yakan murɗa rediyo ya nemo BBC ko Muryar Amurka, don kunnensa ya ji harshen da bakinsa ya wuni yana tsinkawa kalma kalma. Wasu sun kasa, suka koma kafin lokaci ya cika. Wasu kuwa suka nemi ƙarin shekara ta uku.

Shekara biyu

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Raunin wannan tsari ke nan. Shekarar farko malami yana koyo, ta biyu ya fara iyawa, daidai lokacin da ya san sunan kowane yaro da ƙauyensu, sai ya ɗaure kaya. Wani sabo ya zo ya fara daga farko, da nasa kuskuren, yara kuma su sake sabon kunne. Yawancinsu ba malanta suka karanta ba; iya harshe tun daga nono ba shi ne iya koyar da shi ba. Ɗan ƙasa da ya sha wuyar koyon Ingilishi yana da abin da Ba'amurke ba shi da shi: ya san inda ƙayar take, don ta taɓa sokarsa.

Shi ya sa da jami'ar Yamai ta fara yaye malaman Ingilishi, sannu a hankali ƴan ƙasa suka karɓi azuzuwan. Ƴan ƙungiyar suka ƙara karkata ga ayyukan ƙauye: noma, dashen itatuwa, lafiyar uwa da ɗa, da yaƙi da kurkunu, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida a 2013 cewa Nijar ta rabu da ita.

Ran 7 ga Janairu 2011 wasu ƴan bindiga suka sace samari biyu ƴan Faransa a wani gidan abinci a Yamai, kuma samarin suka rasa rayukansu. Cikin ƴan kwanaki ƙungiyar ta kwashe mutanenta 98 daga ƙasar. Wasunsu ba su samu damar yin ban kwana da maƙwabta yadda ya kamata ba. Daga 1962 zuwa lokacin, fiye da mutum 3000 ne suka yi wannan aiki a Nijar.

Yau a kwalejojin Madawa da Tasawa da Magarya, ƴan Nijar ne suke koyar da Ingilishi. Cikin tsofaffin malamai da ma'aikatan da suka yi ritaya, akwai waɗanda a bakin wani baƙo mai jan kunne da ƙura a takalmi suka fara jin harshen. A Amurka kuma akwai dattawa masu furfura, a garuruwan da ƙanƙara ke rufe hanya da hunturu, waɗanda in suka gamu da ɗan Nijar sai su ce masa "ina kwana, ina gajiya", su faɗa masa sunan da aka raɗa musu da garin da suka zauna.